Kifin da Yake da Ranar Kasuwa

Na san ku. Tun ban gama buɗe baki ba na hango Malam ya ajiye kofin shayi, ya gyara zaman hula, yana jira in kai aya ya ce, "To, an fara." Bismillah, a fara ɗin. Akwai wani kifi a Tekun Fasifik, can gaɓar Amurka da Kanada, wanda wakilan gwamnatoci biyu suke zama a kansa duk shekara, galibi a watan Janairu, su yanke nawa za a kama a shekarar. Daga nan a yi masa rabo kamar gadon attajiri mai mata huɗu, sannan a sa wa masu kamunsa don nishaɗi ranaku irin na kasuwar ƙauye: Alhamis a fita, Juma'a a zauna, Asabar a koma. Sunansa halibut. Wanda ya ce ƙarya ce ya ɗaga hannu. Na gani, hannuwa sun yi yawa, a sauke.

Kafin mu kai ga ranakun, ku tsaya ku ga kifin, domin shi ma ba lallai ku yarda da shi ba. Ana ƙyanƙyashe shi kamar kowane ɗan kifi, ido ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Yana kai kamar wata shida sai idon hagu ya naɗe tabarmarsa, ya bi ta saman kai, ya je ya tare kusa da ɗan'uwansa a gefen dama. Daga ranar kifin ya daina iyo a tsaye, ya kwanta a ƙasan teku a kan gefen da ido ya bari. Samansa launin laka, ƙasansa fari fat, ga shi faffaɗa kamar an shimfiɗa buzu. Matan ne suke girma, mazan kuwa ba su cika kai mita ɗaya ba. Hajiya, na ji wannan dariyar, kuma ban ce komai ba. Mafi girman da aka taɓa kamawa da sanda da ƙugiya, wani mai suna Jack Tragis ne ya ciro shi a mashigin Unalaska na Alaska a 1996, nauyinsa laba 459, wato kilo 208. Buhun shinkafa huɗu ke nan da gyara. Masu fatsar can suna kiran ƙananan "kaji", manyan kuma "ƙyauren barga". In ƙyauren barga ya taso kusa da jirgi, a Alaska akwai masu harbinsa da bindiga kafin su jawo shi ciki, saboda in ya shigo da ransa ya fara bugun wutsiya yana iya karya ƙafar mutum. Malam ya ce yanzu kam ya tabbata tatsuniya nake yi. Ka ji na ce gatanan gatananku, Malam?

Abin da ya tsaya wa Alhaji a wuya shi ne kalmar nishaɗi. Kamun kifi kuma a ce wasa? E, Alhaji. Likita ne, direban tirela ne, tsohon soja ne, zai ɗauki hutu a wurin aiki, ya tuƙa mota awa uku, ya kama ɗaki, ya biya mai jirgi, duk don a ba shi damar riƙe kifi ɗaya tak a yini, kifin da doka ta hana shi sayar da ko tsoka ɗaya daga jikinsa. Alhaji ya ciro waya yana danne-danne: kuɗin mai, kuɗin ɗaki, kuɗin jirgi, kuɗin lasisi, ai gara mutum ya shiga kanti ya saya ya huta. Lissafinka daidai ne. Amma kai da ka ɗaure doki a barga yana cin dawa wata goma sha biyu don ka hau shi kwana uku da Sallah, kar ka sa mu buɗe wannan littafin.

Ni ma da kunne na fara jin labarin, kuma ban fi ku yarda ba, sai da wani ƙanena da ke zaune kusa da Siyatil ya ja ni zuwa Westport, wani ɗan garin masunta a gaɓar jihar Washinton, cikin watan Mayu. Ya ce, "Yaya, tun watannin baya na kama mana gurbi a jirgin nan. In ranar ta wuce mu, sai baɗi." Na ce ranar ɗaurin aure ce? Ya ce ta fi, domin ɗaurin aure ana ɗaga shi. Muka tashi da duhu, sanyi yana yanka kunne, jirgi ya yi ta sara ruwa sama da awa biyu har ƙasa ta ɓace mana. Abin da ya faru da cikina a wannan tafiya ba na rubutawa ba ne. Ya isa in ce kifayen Fasifik sun riga ni samun rabo, domin duk abin da na karya kumallo da shi su na miƙa wa.

Da muka isa, yaron jirgi ya miƙo mini sanda mai kauri, an ɗaura mata dalma mai nauyin kusan kilo ɗaya da ƙugiya lanƙwasasshiya kamar zobe, an soka mata guntun kifi mai ƙarni. Ya ce in saki zare har sai na ji dalma ta taɓa ƙasa. Na saki. Na yi ta saki har na fara zargin tekun ba shi da gindi, ashe zurfin wurin ya haura mita 150. Daga nan sai ka riƙa ɗaga sanda kana saukewa, dalma tana dukan ƙasa kamar taɓarya a turmi. Can na ji an riƙe ni gam, na ce shi ke nan, na kama dutse. Yaron ya leƙo, ya taɓa zaren da yatsa biyu, ya ce kifi ne, naɗe. Jama'a, ku ƙiyasta jan guga daga rijiya mai gaba tamanin, gugan kuma yana da rai, yana da ra'ayi, ba ya son zuwa. Hannuna ya mutu, bayana ya riƙe, hula ta tafi da iska. Bayan kamar minti ashirin wani farin abu ya bayyana a ƙarƙashin ruwa yana lilo. Na sa ran kabbara. Yaron ya dube shi ya ce, "Kaza ce."

Ban gama haki ba ƙanena ya cusa mini biro da wani kati a hannu: "Rubuta, Yaya." Doka ce a Washinton, duk halibut da ka riƙe sai ka shigar da shi a katin kamu nan take, da kwanan wata da yankin ruwan da ka kama shi. Na rubuta da hannu mai rawa, kamar ɗan aji ɗaya. Shi ke nan rabona na yini ya cika. Da muka dawo gaɓa muka tarar da wata matashiya ma'aikaciyar hukumar kifi ta jiha a tsaye da allon awo da takarda. Mutum nawa ne a jirgi? Kifi nawa? Ta shimfiɗa su ɗaya bayan ɗaya tana auna tsawo tana rubutawa. Na raɗa wa ƙanena, haraji za ta karɓa? Ya ce, "A'a, Yaya, ita ce take ƙirga mana sauran kwanaki."

To nan fa Malam yake kuskure da yake cewa mutanen nan sun raina wa kansu hankali da kalanda. Ba kwanaki ake rabawa ba, nauyi ake rabawa, kwanakin canji ne kawai da ya rage a hannu. A ce, misali kawai, an ba wani yanki laba 100,000, matsakaicin kifi kuma laba 20. Kifi 5,000 ke nan. In mutum 1,000 suka fita kowace rana kowa ya dawo da nasa, kwana biyar an cinye kaso, sai a rufe ruwa. In iska ta taso rabin jiragen suka kwana a ɗaure, kwana goma. Kun ga abin? Rana mai kyau tana gajarta kaka, guguwa tana tsawaita ta. In manyan kifaye suka yi ta cin ƙugiya, masu fatsa suna ihu suna ɗaukar hoto, ita kuwa yarinyar mai allo tana kallon kwanaki suna zubewa kamar gero a tsagaggen buhu. Ban taɓa ganin inda mutum yake roƙon sa'a ga kansa da rashin sa'a ga maƙwabcinsa da zuciya ɗaya kamar bakin wannan gaɓa ba.

Hajiya, riƙe ƙirjinki kafin in faɗi wannan: nauyin da ake lissafawa na kifin da aka cire wa kai da kayan ciki ne. Kai ba ya cikin lissafi. Na gaya musu a garinmu kan kifi na maigida ne, suka dube ni da tausayi. Iyakar abin da suke yankowa daga kan shi ne tsokar kumatu, kuma a nan kam ban musa musu ba, ta fi ko'ina daɗi.

Ɗan boko na can baya ya ɗaga yatsa: wa ya shiga ƙasan teku ya ƙirga kifin har aka san nawa za a raba? Tambaya mai kyau, ka ci maki. Ba wanda ya ƙirga, awo ake yi. Akwai hukumar haɗin gwiwa ta Amurka da Kanada mai kula da halibut, wadda ake taƙaita sunanta da IPHC, ofishinta a Siyatil, wakilai uku daga kowace ƙasa. Kowace bazara tana ɗaukar hayar jiragen masunta su je wurare sanannu su shimfiɗa dogayen igiyoyi masu ƙugiyoyi iri ɗaya, da abincin tarko iri ɗaya, a ga nawa aka samu bana, a gwada da bara da bara waccan. Suna kuma ciro wani ɗan ƙashi daga kunnen kifin, mai zobba irin na kututturen itace, kowane zobe shekara ɗaya. Da shi aka san akwai halibut da ya kai shekara 55, kuma macen sai ta kai wajen shekara 12 kafin ta fara ƙwai. Ka ga ke nan wanda ya kwashe mata bana, ba baɗi zai ga ɓarnarsa ba, sai ɗansa ya yi gemu.

Kuma ba jiya aka fara ba. An soma kamun halibut na kasuwanci a wannan gaɓa a 1888, bayan jirgin ƙasa ya haɗa yamma da gabashin Amurka, aka samu hanyar kai shi Boston cikin ƙanƙara. Cikin shekara talatin masuntan da kansu suka ga wuraren da ke kusa sun ƙone, sai an yi nisa ake samu. Ranar 2 ga Maris 1923 ƙasashen biyu suka sa hannu a yarjejeniyar da ta rufe kamu wata uku na hunturu, lokacin da kifin yake gangarawa zurfi ya yi ƙwai. Ga wadda za ku kai majalisa ku ci goro da ita: wannan ce yarjejeniya ta farko da Kanada ta sa wa hannu ita kaɗai, ba tare da jakadan Birtaniya ya sa nasa a gefe ba. Ministanta Ernest Lapointe ne ya sa. Wasu ƙasashe da bindiga suka fara nuna sun balaga, Kanada da kifi mai ido biyu a gefe ɗaya.

Yanzu rabon gado. An yanka gaɓar gida-gida: Washinton da Oregon da Kalifoniya gida ɗaya, gaɓar Kanada gida ɗaya, Alaska gidaje da dama. Gidan farkon nan, daga 2019 an tsayar masa da laba miliyan 1.65 a shekara har shekaru da dama a jere, kusan tan 750. Daga abin da za a raba, kashi 35 cikin ɗari na ƙabilu 13 ne na 'yan asalin ƙasar. Ragowar a sake kasa ta ɗari: masu fatsar nishaɗi na Washinton 35.6, na Oregon 29.7, 'yan kasuwa 30.7, Kalifoniya kuwa 4, rabon ɗan riƙo. Kason Washinton ɗin ma a sake yanka shi tsakanin mashigin Puget da gaɓar arewa da gaɓar kudu da bakin kogin Kolambiya. Shi ya sa Westport ta gaɓar kudu take iya rufewa alhali Neah Bay ta gaɓar arewa tana buɗe.

Alhaji ya ce su kuma ƙabilun nan da wace hujja suka kwashi sama da kashi ɗaya cikin uku? Da takarda, Alhaji, irin wadda kake so. Mutanen Makah na Neah Bay suna kama halibut da ƙugiyar itace tun kafin Bature ya san hanyar wurin. A 1855 suka ba gwamnatin Amurka ƙasarsu bisa sharaɗin ba za a taɓa musu haƙƙin kamun kifi a wuraren da suka saba ba. An yi ta taka sharaɗin har 1974, lokacin da alƙali George Boldt ya yanke cewa yarjejeniyoyin nan suna nan da ransu, a shari'ar kifin salmon, daga baya kotuna suka tabbatar da haƙƙin a kan halibut ma. Wanda ya sayar maka da gona ya ce ban da rijiya, ka sa hannu, ba ka da bakin cewa yana sha maka ruwa.

Inda rigimar take da zafi shi ne gajeriyar kaka. An yi shekarun da wasu yankunan Washinton ba su samu kwana goma ba a shekara guda. Malam zai ce to mene ne, in dai kason ya cika? Abin da yake ciki shi ne mutumin da aka ba ranaku uku ba ya duba sama. Ya ɗauki hutu, ya biya ɗaki, ya sayi mai, ranar ta zo da iska, zai fita da ɗan ƙaramin jirginsa cikin ruwan da a wata rana ko da kuɗi ba zai shiga ba. Kowa kuma rana ɗaya yake zuwa, layin sauke jirage ya kai bakin titi tun tsakar dare, masu masauki su cika maƙil kwana uku su yi hamma sauran wata. 'Yan kasuwar Alaska sun riga kowa ɗanɗana wannan. Zuwa farkon shekarun 1990 kakarsu ta tsuke har ta koma buɗewar awa 24 sau biyu ko uku a shekara, dubban jirage su ruga lokaci ɗaya, ba barci, ba duban yanayi, ana rasa rayuka, ana barin igiyoyi a teku suna ci gaba da kashe kifi ba mai ɗauka, kifin kuma ya taru a gaɓa ya fi ƙarfin masu gyara, sai dai a daskarar. A 1995 aka ba kowane masunci kasonsa na kansa, ya kama ranar da ya ga dama, kaka ta koma wata takwas. Kanada ta riga su, tun 1991. Maganin ya zo da nasa ciwon, domin kason ya zama dukiya mai tsada da yaro mai tasowa ba ya iya saya, amma an daina tsere da mutuwa.

Ga masu nishaɗi ba a iya ba kowa kasonsa a rubuce, sun yi yawa. Abin da ya fi kusa da haka shi ne iyakar shekara. Washinton ta sa kifi huɗu ga mutum a shekara, a 2024 ta ɗaga zuwa shida. In kun tambaye ni, kuma na san ba ku tambaya ba, wannan ce hanyar hankali: a taƙaita hannun kowa, a saki kwanaki. Gwanin da yake da jirgi da lokaci, wanda da zai fita kowace ranar da aka buɗe, shi ne yake ƙorafi. Mai aikin Litinin zuwa Juma'a da ke son kifi ɗaya ya kai wa iyali, shi ya ci riba. A 'yan shekarun nan har akan wayi gari kaso ya yi saura, a ƙara ranaku a Agusta da Satumba. Mutanen da suka yi shekaru suna kukan kwana ya yi kaɗan, yanzu wasu suna kukan an buɗe lokacin da suka tafi kamun salmon. Ɗan Adam ke nan, ko ina ka same shi.

Yanzu bari in ba Malam nasa, kar a ce na danne gaskiya. Kifin ɗan kasuwa a sikeli yake bi, laba-laba, da rasit. Kifin mai nishaɗi kuwa ƙiyasi ne: a ƙirga jiragen da suka fita, a tare wasu a tambaya, a auna na hannunsu, a ninka. Yarinyar mai allo ba ta iya tsayawa a kowace gaɓa, katin kamu kuma sai ƙarshen kaka ake mayar da shi, wasu ma ba sa mayarwa. Saboda haka akan rufe ruwa a kan lissafin da daga baya a ga ya yi sama ko ya yi ƙasa, kuma mutumin da aka soke wa ranarsa bisa ƙiyasi yana da dalilin kumbura. Har kifin da aka saki ma ana sa wani kashi nasa a lissafin matattu, domin ba duk wanda ƙugiya ta yaga wa baki yake rayuwa ba. Akwai kuma wani jan kifi mai rawayan ido da yake zaune a duwatsun wurin, mai rayuwa sama da shekara ɗari, wanda in aka jawo shi daga zurfi iskar cikinsa take kumbura har tumbinsa ya leƙo ta baki. Shi ma yana da nasa ɗan ƙaramin kaso, kuma saboda shi akan rufe wa masu halibut wasu wurare ko da nasu kason bai ƙare ba. Maƙwabci ya yi rashin lafiya, an hana ka kiɗa a gidanka.

Kuna ganin Washinton ta cika ƙa'ida? Ku hau zuwa Alaska. Can in ka fita da jirginka, kifi biyu ne a yini, kowane girma. In kuwa jirgin haya ka shiga mai jagora, doka ta sauya, domin tun 2014 masu jiragen haya da 'yan kasuwa kwano ɗaya suke ci, kowa da gefensa. A kudu maso gabashin jihar kifi ɗaya ne, kuma ko dai ƙarami mai kamar inci 40 zuwa ƙasa, iyakar tana motsi shekara-shekara, ko kuma dodo mai inci 80 zuwa sama. Na tsakiya, wanda shi ne kowa yake mafarki, a shafa masa kai a mayar da shi ruwa. A wajen Homer, garin da yake kiran kansa babban birnin kamun halibut na duniya, an yi shekaru jiragen haya ba sa taɓa halibut ranar Laraba, wasu shekarun har da wasu Talatu. Mai jirgin da yake son baƙonsa ya ƙara kifi yana iya hayar kaso daga hannun ɗan kasuwa, baƙon ya biya. Na ga idon Alhaji ya yi haske. Zauna, Alhaji, ba a sayar wa ɗan yawon buɗe ido.

Duk wannan ƙulle-ƙulle yana da tushe guda da ba a cika faɗa da ƙarfi ba: kifin ya ƙanƙance. Halibut mai shekaru kaza a yau bai kai nauyin takwaransa na shekarun 1980 ba, a wasu yankunan Alaska da ƙyar ya kai rabi. Ƙugiyoyi kuwa ba su ragu ba, ga na'urar da ke nuna wa mai jirgi ƙasan teku kamar talabijin, ga injin naɗe zare mai batir ga wanda ba ya son wahalar da na sha. Tuwo ya ragu, hannuwa sun ƙware. In kana da dabarar da ta fi awo da ranaku, Malam, suna karɓar shawara daga kowa a taronsu na Janairu.

Sauran dariyar nan da kuke ɓoyewa a bayan hannu, wai mutane da hankalinsu su zauna suna kallon ruwa cike da kifi sai an ce musu "ku shiga". Ku tuna mini, a Matan Fada ta Argungu wa yake jefa homa kafin ranar da aka sa? Shekara guda ruwan yana rufe bisa umarnin Sarkin Ruwa, ranar gasa a ba da alama, dubban mutane su ruga da gora da homa, cikin kamar awa ɗaya a ce a fito. Tun 1934 ake wannan biki, kuna zuwa da manyan riguna kuna tafi. Awa ɗaya a shekara, jama'a. Ko 'yan Alaska a zamanin haukarsu awa 24 suke samu. Bambancin kawai shi ne Sarkin Ruwansu mata ne da maza masu allon awo, kuma giwan ruwan da ake ɗaga wa kofi a wurinku yawanci bai kai rabin na Jack Tragis ba. Kabawa su yi haƙuri, ba ni na auna ba.

Kazata dai an yanka ta gida huɗu, fara sol ba ƙaya, muka soya rabi a daren, ƙanena ya daskarar da rabi. Katin na mayar musu ta gidan waya da layi ɗaya a cike. Malam, in har yanzu kana musu, watan Mayu yana tafe, ƙanena ya ce akwai gurbi. Ka zo da rigar sanyi biyu, ka ɗaure hularka, kuma kar ka karya kumallo.